Darasi na 7: Yadda Hankalin Mutum Yake Girma

Ku samo kofi biyu iri ɗaya, ku zuba musu kunun zaƙi daidai wa daida a gaban yaro ɗan shekara 4. Sai ku juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya, ku tambaye shi wanne ya fi yawa. Yawanci kwalbar zai nuna, ko da yake a kan idonsa aka juye. Wansa ɗan shekara 8 kuwa zai ce ai duk ɗaya ne.

Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980, shi ya yi suna da irin wannan gwaji. Ya ce tunanin yaro hawa-hawa ne. Kafin shekara 2, da hannu da baki yake sanin duniya, shi ya sa kome ya tsinta sai ya kai baki. Daga 2 zuwa 7, abin da ido ya nuna masa shi ne gaskiya. Wajen shekara 7 yake fara auna abu da hankali, sai wajen 12 yake iya tunani a kan abin da ba ya gabansa.

To iyaye, idan ƙaramin ya fashe da kuka wai an ba wansa mai yawa, don Allah kada a dake shi. Ba kwaɗayi ba ne, iyakar ganinsa ke nan. A zuba musu a kofi iri ɗaya, rigima ta ƙare.

Wani masanin kuma, Erik Erikson, haifaffen Jamus da ya yi aiki a Amurka, ya kai maganar har tsufa. A 1950 ya kasa rayuwa mataki takwas, kowanne da tambayarsa. Jariri yana gwada ko za a zo idan ya yi kuka. Saurayi da budurwa suna neman sanin ko su wane ne. Mai shekara 40 zuwa 65 kuma damuwarsa abin da zai bar wa na baya. Ku dubi maɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya, yadda yake riƙe hannun yaronsa yana nuna masa inda allura za ta bi a fitar da aska takwas. Wannan matakin ya fi taɓa ni, domin da yawanku a kansa kuke, kuma shi ya kawo ku aji da furfura, don ku iya duba littafin 'ya'yanku.

Aikin gida: ku yi gwajin kunun da yara biyu, ku rubuta shekarun kowa da amsar da ya bayar, ku zo da ita darasi na gaba.