Kafin ka ɗauki magnum: yadda za ka auna harsashi da kafaɗarka

Na daɗe ina aikin bin sawu a dazuzzukan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da na Faro, a arewacin Kamaru. Ni ke gaba ina duba ƙasa, ni ke kafa sandunan harbi, in Allah ya ba da sa'a kuma ni ke tsayawa a kan fiɗa. Duk rani baƙi na zuwa daga Turai da Amurka, kowa da akwatin bindigarsa, kuma da wuya a kwana uku a sansani ba a yi gardamar magnum a bakin wuta ba. Abin da idona ya gani shi ne, magnum yana da fifiko, amma a wuri ƙalilan, kuma ba kyauta yake ba da shi ba.

Fara da sanin abin da kake saye. Magnum kwanso ne babba da ke cin albarushi mai yawa, ƙwayar da ke fita kuwa sau da yawa iri ɗaya ce. Ɗauki harsashin da ake kira .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, ka ajiye kusa da .300 Winchester Magnum na 1963. Dukansu suna jefa ƙwaya mai nauyin giram 11.7. Na farko yana fitar da ita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, na biyu kusan mita 900. Wato ka ƙona albarushi fiye da rubu'i a kan na farko, ka samu ƙarin gudu kashi 10 cikin ɗari. Ragowar ya tafi a ƙara da wuta da shurin da kafaɗarka za ta sha.

To, me wannan gudun ke saya maka? In ka saita bindigogin biyu a mita 200, a mita 300 ƙwayar magnum za ta bugi saman inda ta .30-06 ta buga da kamar faɗin yatsu uku, santimita 5 zuwa 6. A mita 400 tazarar ta kai kusan taƙi guda. Iska ma ba ta karkatar da ita sosai. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma tambayi kanka, daga ina kake harbi? A dajinmu, ko bayan an ƙona ciyawa, itatuwa ba sa barin ka hango nesa. Gwanki, kanki, mariya, gwambaza, yawancin waɗanda na ga an kayar tsakanin mita 60 da 150 ne. A wannan tazarar dabba ba ta san bambancin harsasan nan biyu ba. Saboda haka ka zauna ka tuna harbinka goma na baya, ka rubuta nisan kowanne. In babu wanda ya haura mita 250, rabin gardamar ta ƙare. Yanzu ma da na'urar auna nisa ta shiga aljihun kowa, wanda ya san nisa kuma ya san faɗuwar harsashinsa ba ya buƙatar gudu ya rufa masa asiri.

Abu na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi: shuri. A bindigogi masu nauyi ɗaya, .300 Magnum ya fi .30-06 duka da wajen kashi ɗaya bisa uku. Jiki kuwa ba ya manta duka. Tun kafin kunama ta saki, ido ya runtse, kafaɗa ta zabura, bakin bindiga ya sunkuya. Mai bindiga ba ya sanin yana yi, domin ƙarar harbin tana ɓoye masa.

Wata shekara wani baƙo ya zo da bindigar magnum .300 Weatherby sabuwa fil, katakonta sai ƙyalli. Ran gwaji, harbi na biyu, madubin saiti ya sare shi a gira, jini ya gangaro har kan rigarsa. Ya goge, ya ce ba komai. Kwana huɗu bayan haka muka samu wani babban gwanki tsaye a inuwa, bai kai mita 90 ba. Na kafa masa sanduna. Ina kallon fuskarsa, na ga idon nan ya rufe kafin ƙarar ta tashi. Harsashin ya shiga tumbi. Mun bi ɗigon jini haɗe da koren ruwan ciki har rana ta faɗi, washegari ungulu suka nuna mana wurin, kuraye sun riga mu. Har yau abin yana ci mini rai. Dabbar nan ta kwana cikin azaba, ba a yanka ta ba, ba wanda ya ci namanta, kuma haƙƙinta yana wuyanmu.

Ga yadda za ka gwada kanka, kada ka bari daji ya gwada ka. Je filin gwaji da aboki. Juya baya, shi ya ɗana maka bindigar, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu, ba tare da ya gaya maka ba. Ka saita, ka ja kunama. In ta ce ƙyas a banza ka ga saitin ya yi tsalle daga inda ka ɗora shi, to jikinka yana tsoron bindigar nan, ko bakinka ya ce a'a. Sannan ka rataya faranti mai faɗin santimita 20, kusan girman huhu da zuciyar mariya ke nan, a mita 100. Kada ka zauna a tebur. Yi tafiyar minti goma da sauri har numfashinka ya ɗaga, ka tsaya a kan sanduna, ka harba biyar. Duk biyar ɗin su shiga. Sai ka matsar da farantin gaba. Inda ka fara kuskure, nan ne iyakarka da wannan bindigar. Yi haka da magnum, yi da wadda ta fi ta sauƙi, wadda ta ba ka nisa mafi yawa ita ce taka.

Na uku, duba ƙwayar kanta, domin ita ke taɓa nama. Ƙwaya mai taushin darma da siririyar riga, in ta bugi ƙashin kafaɗa a kusa da gudun magnum, tarwatsewa take yi. A wurin fiɗa muke ganin aikinta: rami a waje kamar bakin ƙwarya, jini ya kwanta baƙi ƙirin a ƙarƙashin fata, kafaɗa guda ta zama kamar an daka a turmi, huhu kuwa ko ƙwarzane babu. Wannan naman rabon mutanen ƙauye ne, sai a zubar. Matsalar ba ta yau ba ce. A 1946 wani maharbi Ba'amurke, John Nosler, ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa da taɓo ya bushe a jikinta, a yammacin Kanada, da .300 H&H Magnum, ƙwayoyin suka kasa ratsawa. Shi ya sa ya koma gida ya ƙera ƙwayar Partition, mai shamaki a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da kutsawa. Ya fara sayarwa a 1948. Daga baya aka samu irin na kamfanin Barnes, jan ƙarfe zalla. In dai za ka riƙe magnum, irin waɗannan za ka ɗura. In kuɗinka na abu ɗaya ne, ka kashe shi a kan ƙwaya mai kyau kafin ƙarin albarushi.

Kada suna ya ruɗe ka kuma. .375 H&H na 1912 shi ma Magnum ake kiransa, amma ƙwayarsa ta giram 19.4 gudun kusan mita 770 take yi, ƙasa da .30-06. Ƙarfinsa a nauyi da kauri yake. Shi ya sa ƙasashe da dama na Afirka suka sa shi ko makamancinsa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari ɓauna da shi. Haka 9.3x62 da Otto Bock ya fitar a Jamus a 1905, ba gudu gare shi ba, amma na ga yadda yake ratsa ɓauna. Ko babbar dabbar nan da Fulani ke kira yamusa, wadda baƙi ke ƙetaro teku dominta, nauyin ƙwaya take so.

Ina magnum mai gudu ke da rana? A buɗaɗɗen fili irin na kudancin Namibiya, ko duwatsun Tajikistan inda ake neman ragon dutse, ko yammacin Amurka inda kwazazzabo ke raba ka da dabba, ba hanyar matsawa kusa. Can, mutumin da ya ci gwajin faranti a mita 350 zai ci moriyarsa, musamman da ƙwaya mai nauyi, giram 13. Sai dai ya shirya: bututu mai tsawon santimita 60 zuwa 65, domin in an gajarta shi albarushin a iska zai ƙone, bindiga mai nauyi da zai yini da ita a kafaɗa, bututun da zai riga na harsashi mai sauƙi irin .308 cinyewa nesa ba kusa ba. Da harsashi mai tsada, wanda ke sa mutum rowar atisaye.

Wasu suna ɗaura ƙarfe mai huda-huda a bakin bindiga don rage shuri. Yana ragewa ƙwarai, amma ƙarar gefe yake watsa ta, kuma a gefen nan mai bin sawu yake tsaye. Kunnena na hagu har gobe yana ƙugi tun wani harbi da aka yi ban toshe ba. In kana da shi, ka sayo abin toshe kunne biyu, naka da na wanda ke riƙe maka sanduna, ka kuma gaya masa tun a sansani.

'Yan'uwa na Najeriya, ku lura dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu bakin 7.62 da .300 da .303 cikin jerin haramtattu, don haka maganar lasisi ita ce gaba da komai. Wanda kuma takardunsa suka cika, zai zo mana farauta, ya harba aƙalla kwali biyu a gida a kan sanduna, ya taho da ragowar daga irin kwalin da ya saita da shi. Ran farko da safe za mu kafa faranti a bayan sansani, ni zan ɗana masa.