Yadda ake rainon yalo da tattasai a sanyin hunturu

Da yawanmu masu lambu muna ɗauka tattasai da attaruhu da yalo halinsu ɗaya da tumatir, to wallahi ba haka ba ne. Tumatir yana jin daɗin sanyin dare, su kuwa waɗannan da zarar dare ya yi ƙasa da digiri 15 sai su tsaya cak, fure ya yi ta zuba, ga shi kuma a Disamba da Janairu wajajen Kano da Zariya dare kan sauka har 12 ko 13, Jos kam ba a magana.

Maganin farko lokaci ne. Ka yi yafi tun Satumba, bayan sati 5 ko 6 ka yi dashe, ta yadda kafin muku-muku ya kankama shukar ta kama ƙasa ta yi rassa. In ka makara irin yana ƙarami, kafa masa 'yar rumfa, da magariba ka rufa zana ko tsohon buhu, rana na ɗagawa ka yaye, kar ka bar shi a rufe ya yi tsawon banza.

Ban ruwa nan ne ake tafka kuskure. Mutum ya dawo daga kasuwa da yamma ya cika fangali da ruwa, saiwa ta kwana cikin sanyi, gobe ya ce iri ne ba kyau. Ba da ruwa da hantsi, kamar ƙarfe 9 zuwa 10, ƙasa ta wuni tana shan rana. Kuma ka tura yatsa tukuna, in da laima a ciki bari sai gobe.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, sai ka ja darnin kara ta wannan ɓangaren, ko jerin masara ma ya yi.

Sai taki. Ka ga shuka ta ƙi gaba ka ce yunwa ce ka narka mata yuriya, alhali sanyi ne ya hana saiwa ja, zafi na dawowa sai ganye ya cika gona ba 'ya'ya. Ni dai ruɓaɓɓen takin gargajiya nake zubawa a gindi, in dinga ɗan girgiza masu fure da tsakar rana don su ƙulla, na zamani kuwa sai cikin Fabrairu in na ga sabon toho.