Kurakuran da 'yan haya ke maimaitawa wajen sayen kyamarar tsaro a Kano

Cikin wata biyu mutum huɗu suka turo min hoton kwalin kyamara a WhatsApp suna tambaya ko ta yi. Dukkansu sun riga sun biya kuɗi, ɗaya ma har ya huda bangon mai gida. Na gaji da ihu bayan hari, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni ɗan haya ne a Hotoro, a saman bene, kuma motata a waje take kwana jikin katanga saboda harabar ba ta ɗaukar motocinmu duka. Abin da zan faɗa, da aljihuna na koye shi.

Babban kuskure shi ne mantawa da wuta. Mutum zai je Sabon Gari ko Farm Centre da rana tsaka, a jona masa kyamara a shago, ya ga hoto tar a wayarsa, ya zaro kuɗi. Bai tambayi kansa me zai riƙe ta da ƙarfe 3 na dare ba. Haka na yi. Na sayi mai jonawa a soket, na haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, na kwanta hankali kwance. Wata safiya na sauko zan kai yara makaranta, na tarar da bonet a ɗage, an yanke wayoyi an ɗauke batir. Hannuna na rawa na buɗe manhajar. Hoto na ƙarshe ƙarfe 11 da 'yan mintuna ne, daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Daga nan babu komai sai baƙi har asuba. Na yi asarar batir, na biya mai gyaran waya, yara suka tafi a adaidaita sahu, kyamarar kuwa tana nan a maƙale ba ta ga komai ba. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin ɓarawon ya fi ni sanin unguwata. Duhu yake jira, ni kuma na sayi abin da ke mutuwa tare da hasken.

Abu biyu ne ke buƙatar wuta, kyamara da rauta, kuma mutane kan tuna ɗaya su manta ɗaya. Ƙaramar kyamara tana cin wat kaɗan, kamar 4 zuwa 8, ta fi ci da dare idan fitilunta sun kunnu, rauta ma kusan haka. Idan ka haɗa su na awa 10, ƙaramin batirin ajiya da aka rubuta wa 10,000mAh ba lallai ya kai ka asuba ba, don abin da ke cikinsa bai wuce wat 37 na awa ɗaya ba. Kada ka yarda da rubutun kwali. Cire soket da magariba, ka duba bayan sallar asuba. Idan kana da inbata, ja mata waya daga can. Idan babu, ni dai na koma mai sola da batir a ciki, wadda ake sa wa layin 4G, ba ruwanta da rauta. Amma ita ma da halinta: barci take yi sai ta ji motsin ɗumin jiki ta farka, wani lokacin kafin ta fara ɗauka mutum ya riga ya juya baya. A zafin Afrilu, da iska ta kusa ɗumin jikin mutum, jin nata yana raguwa. Da hunturu kuma ƙura kan rufe allon solar caji ya ragu, shi ya sa duk Juma'a nake goge shi da tsumma.

Kuskure na biyu ya fi ƙona min rai, don a lokacin na ɗauka na gama koyo. Na ɗaure sabuwar kyamarar a barandar sama, na ji daɗi tana ganin layin gaba ɗaya, har masallacin bakin kwana. Sai aka cire min madubin gefe. Wannan karon akwai hoto. Na kai wa shugaban 'yan sintirin unguwa, ya kalla sau uku, ya miƙo min wayar ya ce, "Malam, wannan ai kowa ma ne." Gaskiyarsa. Saman hula kawai ake gani da kafaɗa, da ka zuƙo hoton sai ya watse.

Ku saurara, masu son a ce kyamararsu tana ganin unguwa duka. Kyamarar 1080p ɗigo 1,920 ne da ita daga hagu zuwa dama. Idan ka shimfiɗa su a kan faɗin mita 20, kowace mita ba ta samu ko 100 ba, fuskar mutum kuwa ba ta wuce ɗigo 15 ba. Masu sana'ar suna lissafin kusan ɗigo 250 a kowace mita kafin a iya gane baƙuwar fuska, wato faɗin da bai kai mita 8 ba. Motarka kake gadi, me ya haɗa ka da kwanar layi? Gilashin ido na 2.8mm faɗi yake bayarwa, ya dace da bakin ƙofa. Idan motar tana da ɗan nisa, nemi 4mm ko 6mm. Sauko da ita ƙasa, mita 2.5 zuwa 3, inda hannu ba ya kaiwa amma fuska na shiga. Sannan ka gwada da dare, ba da rana ba. Ni ƙanena na sa ya saka hula ya zagaya motar bayan isha'i, ina kallo a waya, muka yi ta matsar da ita har sai da na gane shi ba don na san shi ba. Ƙaramar fitilar sola da na rataya kusa da motar ta gyara hoton fiye da duk wani kuɗi da zan ƙara a kan kyamarar. Lambar mota kuwa da dare, kada ka sa rai sosai, haske kan dawo daga jikinta ta zama fari fat.

Wasu don gudun magana da mai gida sai su ajiye kyamara a cikin ɗaki tana leƙe ta gilashin taga. Da dare haskenta na infrared, wanda take gani da shi a duhu, zai bugi gilashin ya dawo mata, ba za ka ga komai ba sai farin hazo, kuma mai jin ɗumin jiki ba ta ji ta bayan gilashi. Je ka sami mai gidan ko wakilinsa ka nemi izini, yawancinsu ba sa ƙi. Ni ban huda ko'ina ba, a ƙarfen taga na ɗaure tawa da maƙali, ranar tashi in kwance abata. Gam mai fuska biyu kada ka fara, rana ɗaya ta bazara ta ishe shi ya saki.

Akwai wanda ba asarar kuɗi ba ne, amma ya fi ta muni. Wani da na sani ya sayi mai juyawa, ya kafa a sama, ashe tana hango tsakar gidan maƙwabci inda iyali ke wanki da girki. Bai yi da niyya ba, amma sai da dattawan layi suka shiga maganar. Haba jama'a! A garin da mutum ba ya shiga gidan ɗan'uwansa sai da sallama, ka kafa ido a kan matan aure dare da rana? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma kariyar motarka ba ta halatta maka shi ba. Kafin in ƙulle tawa, na kira maƙwabcina na ba shi wayar na ce, "Alhaji, duba abin da take gani." Ya nuna min gefen ƙofarsa ya shigo kaɗan, na rufe wurin da baƙin tambari a cikin manhajar, shi ke nan. Yawancin kyamarori suna da wannan tsarin.

Sauran ƙanana ne. Katin memori na jabu ya cika kasuwa, a rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai ba, don haka sayi wanda aka yi don ɗauka ba tsayawa, kuma ka riƙa buɗe tsohon hoto duk mako. Kyamarar da ke ɗauka dare da rana tana iya cinye kusan 20GB a yini. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko. Duba ko an rubuta IP65 ko IP66, in ba haka ba ruwan Agusta da ƙurar Janairu za su gama da ita. Yawancin kyamarori masu Wi-Fi zangon 2.4GHz na rauta kawai suke kamawa. Tambayi mai shago ko ajiyar hoto a intanet sai an biya duk wata, don wasu da dala ake biya. Yawan kallon kai tsaye a waya shi ke cinye datar layin. Rage ƙarfin jin motsi, in ba haka ba akuya da ƙadangare za su yi ta tashin ka har ka kashe ƙararrawar. Saƙar gizo a gaban gilashi tana ɓata hoton dare. Saita agogo da kwanan wata, hoton da ke nuna ranar ƙarya ba ya zama shaida.

Masu barin kyamarar cikin mota a kunne duk dare, ku tabbata tana da abin da ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, kada ku tashi mota ta ƙi tashi. Batirin kansa kuwa, tun waccan safiyar na kai wa mai walda ya yi masa ƙarfe ya gicciye shi, na sa kwaɗo, makullin yana tare da na gida.