Yadda Nake Gane Motar da Ta Fi Tattalin Mai

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya zo mini neman shawarar sayen mota, tambayarsa ɗaya ce: wacce ce ba ta shan mai? Ni dai ba na yanke hukunci da bakin dillali ko allurar tanki. Ko takardar kamfani ma da taka-tsantsan nake karɓarta, don a 2016 Mitsubishi ya amsa cewa ya yi aringizo a alƙaluman shan mai na wasu ƙananan motocinsa a Japan.

Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar da ke kan mitar motar mai ƙirga nisan tafiya. Yi zirga-zirgarka, sannan ka koma wannan famfon, ba na kusa da shi ba, ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce abin da ka ƙona, abin da ya ƙaru a kan mitar kuma shi ne nisan da ka yi. Ka maimaita sau uku. Amma a duba, yawancin motocin da aka shigo da su daga Amurka mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na taɓa zargin wata Corolla da zuƙar mai, ashe ni ne ban juya lissafin ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne ƙirga kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa. Juya shi: lita nawa ake ƙonawa a kilomita 100? Mai cin kilomita 5 da lita, lita 20 take sha. Mai cin 7, lita 14 da ɗoriya. Ka tsira da kusan lita 6 ke nan. Amma daga mai cin 15 zuwa mai cin 20, ko lita 2 ba ka rage ba, duk da a ido tazarar ta fi girma.

Sai adalci. In motoci biyu kake kwatantawa, kada ka gwada ɗaya a cunkoson Kantin Kwari, ɗayar a hanyar Zariya. Hanya ɗaya, direba ɗaya, iskar taya daidai, na'urar sanyi a kunne ko a kashe ga duka biyun.

In ɗaya fetur take sha ɗayar dizal, koma kan naira nawa kilomita ke ci. In kuma ta haya ce, raba da yawan fasinja: Sharon ta fi Golf shan mai, amma ta fi ta kujeru.