Mai son yi wa motar shiga gona rumfa, ka sa roba a tsakani

Jama'a, in za ku rufa wa motar shiga daji ko babur mai ƙafa uku na kaya rumfa, kada kwano ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfe.
Ka je wurin mai faci ka karɓi tsohon tub na taya, ka yanka shi siri-siri, ka shimfiɗa a kan fayif ɗin ƙarfen rumfar, sannan ka ɗora kwano ka ɗaure da noti.
Kowane noti ka sa masa faffaɗar washa da 'yar roba a ƙarƙashi.

Ni sai da na yi asara na gane. Rumfata ta farko walda aka yi mata tsaf, da kayan da na sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Damina ɗaya a hanyar gona, kwanon ya tsage daidai bakin waldar, ruwa na ɗiga mini a wuya. Ƙara kuwa kamar ana dukan garwa!

A gargada jikin mota murɗawa yake yi. Kwano ba shi da kauri, in bai samu inda zai motsa ba sai ya yage. Robar ce ke shanye jijjigar.
Kada ka matse notin har robar ta fito ta gefe. Ka ɗan karkata rumfar baya don ruwa ya zube.

Amma fa ranar Kano ta watan Afrilu tana cin roba, duk shekara ka duba ka sake.
Kuma don Allah kar a ɗora buhuna a kai. Rumfar inuwa ce kawai, in mota ta kife ba za ta tare ka ba.