Yadda Ake Koyar da Tarihi da Hotuna da Fosta a Makarantar Sakandare

Kusan duk sabon malamin tarihi da na ga ya kawo hoto aji, wuri ɗaya yake tuntuɓe. Zai bugo hoton Sardauna, ya manna a allo, ya rubuta suna da shekarar haihuwa da ta rasuwa a ƙasa, sannan ya juya ya fara karanto wa yara abin da za su kwafa kamar kullum. Har a kaɗa ƙararrawa ba wanda zai sake ɗaga kai ya dubi hoton. Kuɗin bugu ya tafi a banza ke nan. Ga yadda ake yi hoton ya yi aiki.

Fara da abin da ke aljihunka. Takardar naira biyar tana ɗauke da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ashirin Murtala Muhammed ne a gaba, a bayanta kuma Ladi Kwali ce tana ginin tukunya, ta ɗari biyu Sardauna Ahmadu Bello. Yara suna juya waɗannan fuskoki kullum a wurin mai awara, amma tambayi aji guda wace ce matar da ke bayan naira ashirin ka ji shiru. Bayan kuɗi sai tsofaffin kalandu masu hotunan sarakuna, waɗanda ake samu a shagunan tela da ɗakunan tsofaffi. In makarantarku tana kusa da wuraren adana tarihi irin su Gidan Makama ko Mambayya a Kano, ko Arewa House a Kaduna, je da kanka ka nemi izinin ɗaukar hoto da waya. Wajen bugu, kada kala ta ruɗe ka. Fotokwafi baƙi da fari a babbar takardar A3 ya fi ƙaramin hoto mai kala, domin ɗan bencin baya ma ɗalibinka ne, kuma ya fi araha. Hoto biyu sun isa darasi guda. Wanda ya kawo goma, baje koli ya zo yi.

Kafin ka buga komai, tantance shi. Akwai hotuna da ke yawo a Facebook da WhatsApp ana cewa wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a Faransa. Don haka duk abin da aka nuna maka, ko dai zane ne na wani daga baya, ko hoton wani dattijo ne daban. Haka Sarauniya Amina ta Zazzau: macen nan da ake zanawa da takobi, tunanin mai zane ne na zamaninmu. Ba laifi ka kawo irin wannan zane aji, da sharaɗin ka rubuta a ƙasa ƙarara cewa zane ne. Ni dai ga mutanen da suka riga kyamara na fi son a yi amfani da abin da suka bari: shafin rubutun ajami, hoton Hubbare, wato makwancin Shehu a Sakkwato, taswirar hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ko ragowar ganuwar Zariya.

Yanzu ga matakin da ake zubar da komai, wato kallo. Rufe sunan. In akwai rubutu a ƙasan hoton, naɗe shi ko ka liƙa takarda a kai. Manna hoton, ka ce wa aji su duba, kai kuma ka yi shiru minti uku cur. Shirun nan yana da wuya ga malami, bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, amma daure. Sannan ka yi tambaya ta farko, ita ce: me kuke gani? Ban ce ka tambayi wane ne ba. Da zarar ka tambayi suna, yaro ɗaya mai kaifin ƙwaƙwalwa zai faɗa, sauran su kwantar da kai a tebur, darasi ya ƙare.

Ɗauki misali. Ka manna Sardauna a dama, Malam Aminu Kano a hagu. Wata za ta ce, “Malam, wannan ya sha rawani da babbar riga mai aiki, wancan kuma farar riga ce kawai da hula.” Rubuta a allo yadda ta faɗa, kada ka gyara mata. Wani zai ce na daman ya fi kuɗi. A nan sai tambaya ta biyu: me ka gani a hoton da ya sa ka ce haka? Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan darasin, kuma ita sababbin malamai suke tsallakewa, su ce “daidai” ko “ba daidai ba” su wuce. Tilasta masa ya nuna da yatsa: aikin da ke ƙirjin rigar ne, ko naɗin rawanin, ko mutanen da ke tsaye a bayansa? Yaron da ya saba kawo hujja daga hoto, gobe zai nemi hujja a maganar da aka turo masa a waya.

Sai allo ya cika da abin da suka gani sannan ka buɗe sunaye ka kawo naka. Ahmadu Bello jinin Shehu ne, jagoran jam'iyyar NPC, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Aminu Kano malamin makaranta ne da ya jagoranci NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, wadda ta tsaya kan 'yancin talakawa da adawa da zaluncin hukumar En'e. Yanzu koma kan tufafin da yarinyar nan ta lura da su tun farko. Kowanne daga cikin mutanen biyu ya san abin da suturarsa take faɗa wa jama'a. Yara da kansu za su haɗa rawani da sarauta, su haɗa farar riga da talakawa, kuma abin da suka gano da idonsu ba ya fita da wuri. Ka kula kada ka mayar da ajin filin kamfe. Akwai jikokin 'yan NPC da jikokin 'yan NEPU a benci ɗaya, aikinka su fahimci abin da ya raba mutanen, zaɓen gwani kuma ka bar musu.

Tambaya ta uku ita na fi ƙauna: wa ba a ɗauka ba a hoton nan? Ina mata? Ina manomin gyaɗar da aka tara dala da buhunansa a Kano? Wa ya riƙe kyamarar, Bature ne ko ɗan ƙasa, kuma don wa aka ɗauka? Daga nan ƙofa ta buɗe ta kawo Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya da ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU, ko ka dawo kan Ladi Kwali, Bagwariya da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. 'Yan mata a aji sukan gyara zama in an zo nan.

Bayan darasi biyu ko uku irin wannan, sai su yi nasu fostar. Raba su biyar biyar, kowace ƙungiya kwali ɗaya da alƙalamin maka. In babu kuɗin gam, a dama sitaci ko ƙullun fulawa, yana kamawa sarai. Dokokina uku ne kuma ba na sassautawa: hoto ɗaya babba a tsakiya, rubutu kada ya wuce kalma hamsin, kuma a ƙasa a rubuta inda aka samo hoton da bayanin. In ba ka ƙayyade rubutu ba, za su kwafe shafin littafi kaf su cika kwalin da ƙananan haruffa. Kada kowa ya tafi kan manyan 'yan siyasa. Ba wata ƙungiya marinar Ƙofar Mata, wata kayan hawan sallah, wata kakaki da algaita, wata kuma ta je gida ta nemi tsohon hoton kaka ta tambaye shi labarin ranar da aka ɗauka. A kawo kwafi, asalin ya zauna a gida. In akwai ɗalibin da iyayensa ba sa son zanen mai rai, kada ka ja da su, ba shi taswira ko gini ko dagin Arewa.

Ranar gabatarwa kowace ƙungiya minti biyar, kuma kai za ka nuna wanda zai yi magana, in ba haka ba mai baki ɗaya ne zai yi ta yi. Maki mafi yawa ya tafi ga ingancin bayani da amsa tambaya, ado ya samu kaɗan, don kada masu kuɗin sayen kala su cinye. Nemi izinin shugaban makaranta a rataye su a baranda mako biyu, sama da inda feshin ruwa yake kaiwa. Kafin hutu a sauke, a rubuta aji da shekara a baya, a ajiye su kwance a ofishin malamai, domin da su za ka yi bitar jarabawa a zango na uku.