Yadda Ake Jin Daɗin Kundin Gajerun Labarai Kan Abinci da Asali

Kundin gajerun labarai ba littafin da ake karancewa a zama ɗaya ba ne, musamman idan marubuta daban-daban ne suka haɗu a cikinsa, kowa da garinsu da irin tuwon da aka raine shi da shi. Ka karanta labari ɗaya, ka rufe littafin, ka bari ya kwana a ranka kafin ka buɗe na gaba, domin idan ka jero uku ko huɗu a lokaci guda muryoyin marubutan za su cakuɗe maka. Gabatarwar edita kuwa, shawarata ka bar ta sai a ƙarshe, saboda sau da yawa takan tona inda labaran za su kwana.

Babban aikin mai karatu yana wurin da abinci ya shigo labari. Da zarar an sauke tukunya, ka lura da wadda ta yi girkin, da wanda aka fara zuba wa, da wanda ya tashi da ƙanzo, da kuma wanda aka manta da shi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, idan marubuciya ta ce maigida ya mayar da kwanon tuwo bai taɓa ba a ranar girkin amarya, to ta gama sanar da kai cewa akwai rigima, ko da ba wanda ya ɗaga murya. Kunun kanwa da naman ƙauri suna nuna gatan maijego, rashinsu kuma yana nuna akasin haka. Alkaki da nakiya da dubulan da ake kaiwa gara mutuncin dangin amarya ne ake aunawa a idon dangin ango, shi ya sa uwa kan ci bashi don kada 'yarta ta sha gori. A labarin da ya faru a Jos ko Kaduna, ka kula da kwanon abincin salla da na Kirsimeti da ke ƙetara katanga tsakanin maƙwabta. Shekarar da kwanon bai ƙetara ba, nan ne zuciyar labarin take.

Ka kuma kula da abin da babu shi a tukunya. Idan aka ambaci 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita, yunwa ake nufi, irin wadda fari ya haddasa a 1973 ko wadda ta addabi yankunan Maraɗi da Damagaram a 2005.

Labaran 'yan ci-rani da mazauna zango suna buƙatar haƙuri na musamman. Jikan Bahaushe da aka haifa a zangon Kumasi ko a unguwar Nima ta Akara yana iya rasa Hausar kakansa, amma koko da ƙosai na nan a karin kumallonsa, kamar yadda agashe, wani nau'in tsire mai asali da Hausawa, ya zauna daram a kasuwannin Sudan. Saboda haka idan matafiyi ya cusa kuka da daddawa da yaji a jakarsa zai tafi Ingila, kada ka ɗauke shi ado ne kawai na labari. Tsoron ɓacewa ne marubucin yake nuna maka.

In ka ci karo da abincin wata ƙasa da ba ka sani ba, kada ka katse karatu ka ruga intanet. Ka kai ƙarshe tukuna, sannan ka bincika. A Habasha, alal misali, mutum kan naɗo lomar injera, wata faffaɗar waina mai tsami, ya sa wa ɗan'uwansa a baki da hannunsa don girmamawa da ƙauna, kuma wanda ya san haka zai fahimci nauyin ƙin karɓar wannan loma idan ya sake bin labarin a karo na biyu.

Ba kowane labari ne a kundi zai gamsar da kai ba. Akwai waɗanda ke jero sunayen abinci domin burge baƙo, alhali ko an cire miyar taushe an sa ta kuɓewa babu abin da zai canza ga mutanen ciki, kuma irin waɗannan ba laifi ka wuce su da sauri. Wanda ya kama ka kuwa, ka karanta wa wata dattijuwa a gida da babbar murya, ka tambaye ta ko haka ake yi a zamaninsu, domin ita ce za ta gaya maka ko marubucin ya san madafa ko kuwa labarinta kawai ya ji.